DAGA BAKIN ALLO: Kifin Keji, Bakin Teku da Tukunyar Mutanen Zango

Zancenmu na wannan wata a kan kifi yake, da kuma bakin teku. Na san wani zai ce, to Malam, mu mutanen Zango ina ruwanmu da teku? Ba mu da kwalekwale, ba mu da koma, kakanninmu fataucin goro da na shanu ne ya kawo su ƙasar nan. Haka ne. Amma duk wanda ya sayi waakye a Nima da safe aka zuba masa shito, to ya ci daga teku, domin busasshen amane da jatan lande su ne jigon shito. Duk uwar gidan da ta je kasuwar Adabraka ta sayo bandar kifin da ake kawowa daga Yeji da sauran garuruwan bakin Tafkin Bolta, ta san yadda kuɗin cefane ke ƙarewa a gaban mai kifi. Kuma in an yi Sallah, ai 'ya'yanmu ne ke cika motoci zuwa Labadi da Kokrobite da Bojo don shan iska. Masana sun ce wajen kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki na dabba da mutanen Gana ke ci, kifi ne. Saboda haka maganar teku maganar tukunyarmu ce.

Bari mu fara da inda aka kwana. Gana tana da gaɓar teku mai tsawon wajen kilomita 550, daga Aflao zuwa iyakar Kwaddibuwa. A da, in damina ta yi nisa, tsakanin watan Yuli da Satumba, ruwan sanyi yakan taso daga ƙasan teku ɗauke da abincin kifi, sai amane ya cika ko'ina, har mata a Chorkor su kwana suna banda. Yanzu abin ya ja baya ƙwarai. A 1996 an kama fiye da tan 130,000 na wannan kifi, amma a 2016 bai kai tan 30,000 ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kwalekwale sun yi yawa, ana kamu da fitila da raga mai ƙananan ido, ga kuma cinikin nan da ake kira saiko, inda manyan jirage suka riƙa kwashe ƙananan kifi su daskarar da shi su sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar teku. Wani bincike ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai wajen tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya, akasari a Elmina. A 2019 gwamnati ta rufe teku wata guda ga masu kwalekwale don kifi ya samu ya hayayyafa, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta ba ƙasar nan katin gargaɗi karo na biyu saboda kamun da ya saɓa wa doka.

To, da kifin Allah ya yi ƙaranci, sai hankali ya koma ga kifin kiwo. Ba a Gana kaɗai ba. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 ne karo na farko da kifin kiwo da danginsa suka zarce na kamu yawa a duniya. A nan gida, kamfanin Tropo Farms da aka kafa a 1997 da Crystal Lake Fish da ya saka keji a Tafkin Bolta a 2001 suna cikin waɗanda suka buɗe hanya. Kifin kiwo da yake wajen tan 10,000 a 2010 ya haura tan 70,000 a 2018. Gasasshiyar karfasar nan da ake ci da banku a kowane lungu na Ankara, yawancinta daga keji take fitowa. Wannan abin yabo ne, kuma ba zan rage masa komai ba: samari sun sami aiki, mata sun sami abin sari, talaka ya ci ɗanyen kifi.

Kusan duk wannan kiwo a ruwan daɗi ake yin sa. Amma ma'aikatar kifi da masu jari sun daɗe suna maganar a kai shi teku da bakin koguna, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. A nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani, tun kafin a kafa turke, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mene ne keji? Raga ce babba kamar ɗaki, an ɗaura ta a jikin ganguna ko bututun roba tana yawo a kan ruwa, an zuba dubban kifi a ciki, ana watsa musu abinci sau da yawa a yini. Mai kiwon kaji a Maamobi dole ne ya share akurkinsa, ya kwashe kashin ya kai wani wuri. Mai keji kuwa ba ya shara. Abincin da kifi bai ci ba, da kashin kifin, duk su zarce ta idon raga su kwanta a ƙasa. In ruwan mai gudu ne, kuma mai zurfi, ya tafi da su ya watsar. In kuwa kwantacce ne, sai su taru su ruɓe, ruɓewar kuma tana shanye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi da kaguwa da sauran halittu ke numfashi da ita. Daga nan ƙasan ya zama baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ƙazanta kuma taki ce, tana sa gansakuka ta yi yawa har ruwa ya sauya launi. Bugu da ƙari, duk inda aka cunkusa masu rai wuri ɗaya, cuta tana samun gida. Mu malaman makaranta mun san haka: in ciwon ido ya shiga aji mai yara tamanin, kafin mako ya zagayo ya gama da su. In cuta ta zo sai a zuba magani, maganin kuma ba ya tsayawa a cikin raga.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga misali. A watan Oktoba na 2018 aka wayi gari da tarin matacciyar karfasa a wata gona da ke Asutsuare, har hukuma ta sa aka binne ta, mutane suka ƙaurace wa karfasa a kasuwa na wani lokaci. Daga baya masana suka tabbatar da cewa wata cuta mai lalata saifa da ƙodar kifi, wadda suke kira ISKNV, ta shiga tafkin, ta yi ta kashe ƙananan kifi a gona bayan gona. A 2019 abin da aka samu ya faɗo zuwa wajen tan 52,000. Sai kuma a 2023, da aka buɗe ƙofofin madatsar Akosombo don rage ruwa, ambaliyar da ta cinye Mepe ta tafi da kejuna masu yawa. Waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙananan masu kiwo da suka ci bashi, da matan da ke sari a hannunsu. Ruwa ɗaya ne, abin da ya sami kejin wani ba ya neman izini kafin ya shiga na maƙwabcinsa.

A teku abin ya fi haka girma. Ƙasar Norwe ce ta fara kiwon kifin salmon a keji cikin teku a 1970, yau kuma tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, amma har yanzu tana fama da wata ƙwarƙwatar ruwa da ke cin jikin kifi, tana kuma yaɗuwa daga keji zuwa kifin da ke yawo a sake. A ƙasar Chile, a 2016, gansakuka mai guba ta kashe miliyoyin salmon, aka loda dubban tan na mushen a jirage aka zubar a teku. Ba da jimawa ba gaɓar tsibirin Chiloe ta cika da matattun halittun ruwa, aka hana masunta aiki. Mutanen tsibirin suka ɗora laifin a kan zubar da mushen, gwamnati ta musa, su kuwa suka tare hanyoyi har fiye da mako biyu. A jihar Washington ta Amurka, a 2017, keji ya karye, kifi wajen 250,000 na irin da ba na yankin ba suka tsere, a shekarar da ta biyo baya jihar ta yi dokar kawo ƙarshen kiwon wannan iri a ruwanta. A ƙasar Girka kuma, mutanen wani ƙaramin tsibiri mai suna Poros, waɗanda baƙi masu yawon buɗe ido ne abincinsu, sun yi shekaru suna jayayya da wani shiri da zai ba gonakin kifi wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gaɓarsu. Hujjarsu a fili take: ba wanda zai biya kuɗin jirgi da na otal don ya yi wanka kusa da akurki.

Sai dai akwai wata illa da ta fi waɗannan kusa da mu, wadda ta riga ta iso Afirka ta Yamma tun kafin keji ya iso tekunta. Karfasa tana iya rayuwa da abincin da yawancinsa waken soya ne da masara da dusa. Salmon da yawancin kifin teku masu tsada kuwa maciya nama ne, sai an haɗa musu da garin kifi da man kifi. Bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. Kafin a sami kilo ɗaya na garin kifi, sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi. Wane kifi ake niƙawa? Amane da bonga, wato kifin talaka. A 2021 ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar da rahoton cewa fiye da tan rabin miliyan na irin wannan kifi ake kwasa kowace shekara daga gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya a mai da shi gari da mai, a kai Turai da Asiya, alhali zai iya ciyar da mutane fiye da miliyan 33. Wato an ɗauke kifi daga kwanon mai ƙaramin ƙarfi, an ba wani kifi ya ci, don mai hali a wata ƙasa ya ci wancan. In wannan shi ne maganin yunwa, to maganin ya fi cutar zafi.

Abin da ya faru a garin Gunjur na ƙasar Gambiya ya isa darasi. A 2016 wani kamfanin 'yan ƙasar Sin mai suna Golden Lead ya buɗe masana'antar garin kifi a bakin teku. A watan Mayu na 2017 mutanen gari suka tarar da ruwan Bolong Fenyo, wani tafki da aka keɓe don tsuntsaye da namun ruwa, ya koma ja, kifi da kaguwa sun mutu. Hukumar muhalli ta ƙasar ta kai kamfanin kotu, daga baya aka sasanta a waje a kan dala 25,000. A watan Maris na 2018 mutanen gari suka je da kansu suka tumɓuke bututun da ke zubar da ruwan masana'antar a teku, aka kama wasunsu. Masu ƙananan masaukai da gidajen abinci na wannan gaɓa sun yi ta kukan cewa wari ya kori baƙinsu, su kuma mata masu banda suka ce ba za su iya gasar saye da masana'anta ba. Gambiya kuwa yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu dawo gida mu duba taswira. Duk yaron da ya taɓa shiga ruwa a Labadi ya san tekunmu mai ƙarfin igiya ce, kuma gaɓarmu a miƙe take, ba ta da lunguna masu yawa. Keji kuwa ruwa mai kwanciyar hankali yake so. Ina ake samun irinsa? A Ada, inda Kogin Bolta ke shiga teku, da tafkin Keta, da bakin Kogin Densu, da 'yan lungunan yamma wajen Dixcove da Axim. Waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da otal-otal da masaukan baƙi suka fi so, su ne kuma inda ƙananan kifi ke girma kafin su fita teku, a Ada ma har kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai. Tun 1992 aka sa Keta da Songor da Sakumo da bakin Densu da Muni a jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye. Ashe ke nan tabarma ɗaya ce, mutum uku ke son shimfiɗa ta: masunci, da mai otal, da mai keji.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa mai otal shi ne mai gaskiya a wannan shari'a. A 2019, shekarar da aka yi bikin dawowar jikokin bayi, baƙi fiye da miliyan ɗaya suka shigo ƙasar nan, tun daga nan kuma filin bakin teku ya ƙara daraja. Mutanen ƙauyen Kewunor a Ada sun yi shekaru da fargabar tashi saboda wani kamfanin gine-gine da ke son kafa wurin shaƙatawa a inda suke. A nan Ankara an aza harsashin aikin Marine Drive a watan Disamba na 2017, fili eka 241 daga wajen fadar Osu, shekaru suka yi ta wucewa aikin na tafiyar hawainiya, masu sana'a a wurin ba su san matsayinsu ba. A Jamestown an rushe rumfuna da ɗakunan mutane a 2020 kafin a gina tashar masunta da aka buɗe a 2024. A Songor kuma, hayar eka 41,000 da aka ba kamfanin Electrochem a 2020 don haƙar gishiri ta tayar da tsohuwar rigimar da ta ci ran wata mata mai ciki a 1985. Darasin duk ɗaya ne: ranar da aka sa hannu a takarda aka ba mutum ɗaya ruwan da jama'a ke ci daga gare shi, ranar aka shuka rigima. Mai keji zai kewaye ruwa, mai otal zai kewaye yashi ya sa mai gadi a ƙofa, masunci ya rasa inda zai ja komarsa, yaron Zango kuma ya rasa inda zai taka ruwa ba tare da ya biya ba.

Mu ma kanmu ba za mu wanke hannu ba. Babbar kwatar Nima tana bi ta Circle ta faɗa Odaw, Odaw ta faɗa Korle, Korle ta amayar a teku. Duk ledar ruwa da aka jefa a kwata da dare, da safe tana kan hanyarta zuwa ragar masunci ko gaban otal. Mun ga abin da toshewar magudanai ta jawo ranar 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ruwa da wuta suka haɗu a Circle suka ci rayuka fiye da 150. Wanda ke zuba shara a kwata ba shi da bakin zagin mai keji.

To, mene ne abin yi? Ni ban ce kada a yi kiwon kifi ba, domin baki ya yi yawa, teku kuma ta gaji. Abin da nake cewa shi ne a yi shi da tsari, kuma ba mu rasa abin koyi ba. Masuntan Ga da Fanti ba sa fita teku ranar Talata tun kaka da kakanni. A tafkin Keta ana kafa rassan itace a ruwa, abin da suke kira atidza, kifi ya taru ya ci abin da ya tsiro a jikinsu, ba a saya masa ko cokali ɗaya na gari ba. A Tsokomey da Bortianor da Tetegu, matan da ke tsintar kawa a bakin Densu sun haɗa ƙungiya, tun 2017 suna rufe ruwan wata biyar a shekara, suna kuma dasa itatuwan bakin ruwa. Ita kawa ba a ba ta abinci, tace ruwa take yi ta ci, ta bar shi ya fi yadda ta same shi tsabta. A ƙasar Hausa kuma ga Argungu: tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, Sarkin Ruwa na tsare wurin, ba mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini. Don an hana kamu ne kifin ke girma, don kifin ya girma ne baƙi ke zuwa daga ko'ina, har UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Ga kifi, ga baƙi, ba wanda ya kori wani, saboda akwai doka kuma akwai mai tsaron ta.

Sabuwar dokar kifi ta 2025 ta faɗaɗa ruwan da aka keɓe wa masu kwalekwale daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Madalla. Abin da ya rage shi ne mu nemi abu huɗu daga wakilanmu. Na farko, a zana taswira tun yanzu, a nuna inda keji zai zauna, da inda ba zai taɓa zama ba, da hanyar masunta, da bakin ruwan da kowa zai shiga kyauta. Na biyu, kafin Hukumar Kare Muhalli da Hukumar Kifi su ba da lasisi, a yi taron jama'a a garin da abin ya shafa, da harshen da mutanen ke ji, kuma a riƙa manna sakamakon gwajin ruwa inda kowa zai gani. Na uku, kada a yarda a kafa masana'antar da za ta niƙa amanen da mutane ke ci don ciyar da kifin keji. Na huɗu, a fifita kiwon da ba ya cin kifi, irin su karfasa da kawa, a kuma taimaka wa samarinmu da ke son kiwon tarwaɗa a tanki da horo da rance mai sauƙi, tare da koya musu inda za su zubar da ruwan tankin.

Waɗannan ba maganganun da za a bar wa mutanen gaɓa kaɗai ba ne. Muna da 'yan majalisa a Ayawaso da Klottey Korle, muna da wakilan unguwa, muna da sarakunan Zango da shugabannin matan kasuwa. In sun zo neman ƙuri'a, bayan maganar kwata da makaranta, a tambaye su maganar kifi. Ga 'yan'uwana malamai kuma, in za ku kai yara yawon ilimi a wannan zango, ku kai su bakin Korle su ga inda kwatarmu ke ƙarewa, sannan ku wuce da su Tsokomey su ga abin da mata marasa digiri suka yi da nasu ruwan. Yaron da ya ga waɗannan biyu da idonsa ba ya bukatar dogon bayani a allo.

A nan zan dasa aya.